Sharhi: Ƙungiyoyin Masu Kiwon Zuma Da Matsalar Gudun Ƙuda Daga Amya

Sanin kowa ne cewa ɗora amya a kan ɗorawa ko tsamiya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, musamman a ƙananan hukumomin da ke kewaye da dajin Falgore, wato Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. A 'yan shekarun nan kuma matasa da ma'aikata da malaman makaranta sun fara shiga harkar, wasu don sha'awa, wasu don neman na cefane, har suna haɗuwa suna kafa ƙananan ƙungiyoyi a garuruwansu. Sai dai kuken da ya fi yawa a bakin tsofaffi da sababbin shiga duk ɗaya ne: ƙuda ya shiga amya, ya zauna wata biyu ko uku, rana ɗaya a wayi gari ya tashi ya bar saƙa babu kowa.

Kafin mu ɗora laifi a kan wani, ya kamata mu san halin ƙudan da muke kiwo. Ƙudan zuman Afirka ta Yamma ya bambanta da na ƙasashen Turai. Ya fi faɗa, ya fi jure cututtuka, amma kuma ya fi saurin yin ƙaura idan ya ga yunwa ko ƙishirwa ko takura. Wannan ya sa littattafai da hotunan bidiyon da matasanmu ke kallo a intanet, waɗanda akasarinsu daga Amurka da Ingila suke, ba su cika dacewa da halin da muke ciki ba. Babban abin da ke damun masu kiwo a can shi ne wata ƙaramar kaska mai suna baroa, wadda ta samo asali daga nahiyar Asiya, aka kuma fara ganin ta a Afirka ta Kudu a shekarar 1997. An tabbatar da akwai ta a Nijeriya, amma ƙudanmu yana iya zama da ita ba tare da gida ya mutu ba. Don haka a ganinmu, sayen maganin wannan kaska da tsada ana zubawa a amya asarar kuɗi ce, kuma yana iya gurɓata zumar da za a kai kasuwa.

Abokan gaban da ke gabanmu a fili suke. Akwai tururuwa da kwarkwasa, da ƙadangare, da dage, da asu mai cin kaki wanda tsutsarsa ke lalata saƙa a gidan da ya yi rauni, da wani ƙaramin baƙin buzuzu da ke sa zuma ta yi tsami. Maganin waɗannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a ɗaga akwati daga ƙasa, a shafa baƙin mai a ƙafafunsa, a nome ciyawar da ke kewaye, a rage faɗin ƙofa, a kuma ajiye ruwa a kasko da 'yan tsakuwoyi a ciki tun daga watan Fabrairu har saukar damina.

Matsalar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ita ce feshin maganin ƙwari. Ƙudan zuma yakan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 daga amya don neman ruwan fure. Ma'ana, lafiyar amyar da ke bayan gidan mutum tana hannun duk manoman da ke cikin wannan da'ira. Idan maƙwabci ya yi wa wakensa feshi da hantsi, lokacin da fure ya buɗe ƙuda na kansa, to ma'aikatan gidan ne za su zube a gona, waɗanda suka tsira kuma su kai gubar cikin saƙa. Mai amya ba zai ga komai ba sai bayan kwanaki, ya tarar da gawarwaki a bakin ƙofa.

Ba ma ganin laifin manomi a nan kai tsaye, domin wanda bai yi wa wake feshi ba ya san abin da tsutsa za ta bar masa. Abin da ake nema shi ne a mayar da feshi zuwa yamma lis, bayan ƙuda ya koma gida, a kuma sanar da masu amya kwana ɗaya kafin a yi, don su rufe ƙofa da raga na ɗan lokaci. Haka zalika irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar a shekarar 2019, an samar da shi ne don rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa kamar sau 2 a damina. Ko mene ne ra'ayin mutum game da irin, raguwar feshi sauƙi ce ga ƙuda. A ƙasashen Tarayyar Turai ma, tun a 2018 aka hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda 3 a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Manomin ma yana da riba a ciki, ko da bai taɓa ɗora amya ba. Kankana da gurji da kabewar da ake nomawa a Kadawa da Watari ba sa yin 'ya'ya sosai sai ƙuda ya ɗauki garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma tana ƙara yawan amfanin riɗi da auduga ƙwarai. Wanda ya kashe ƙuda da feshin hantsi, buhunan da zai kai Dawanau ya rage wa kansa.

A nan ne muke ganin amfanin ƙungiya. Mai amya ɗaya ba zai iya bin gonaki hamsin yana roƙo ba, amma ƙungiya mai rajista za ta iya zama da mai gari da sarkin noma da malamin gona a tsayar da lokacin feshi. Ita ce kuma za ta iya kai kuka gaban hakimi da jami'in gandun daji game da sare kirya da marke da kaɗanya don yin gawayi, da ƙona daji da kaka, domin itatuwan nan su ne rumbun ƙuda a lokacin rani. Saboda haka ƙungiyar da ta tsaya ga masu akwatin zamani kawai, ta bar tsofaffi masu amyar gargajiya da manoma a waje, ba za ta cim ma wani abin kirki ba.

Sai batun ilimi. An sha raba akwatuna a wurare daban-daban a ƙasar nan, a yi biki a ɗauki hoto, bayan shekara a tarar da kaji na ƙwai a ciki. Dalili kuwa shi ne horon kwana biyu ba ya isa ga sana'ar da ke tafiya da zagayen shekara. Mai koyo yana bukatar ya ga shigar ƙuda da kaka, da tara zuma da rani, da lokacin yunwa a tsakiyar damina, tare da wanda ya riga shi sani. Akwatin Kenya mai sanduna a sama, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, kowane kafinta zai iya yin sa, amma idan faɗin sandar ya kauce daga milimita 32, ƙuda zai gina saƙa a karkace, ba za a iya ɗaga ta a duba ba. Irin wannan ƙaramin bayani ne ke raba wanda ya ci riba da wanda ya yi asara, kuma a wurin taron ƙungiya ake samun sa.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da ɗibar zuma da wuta. Wanda ya cinna wa amya wuta da dare ya kwashe komai, har da saƙar 'ya'ya, ya sami zumar shekara ɗaya, ya rasa gidan baki ɗaya. Hayaƙi mai sanyi daga gwangwani ya wadatar. A ɗauki saƙar da ƙuda ya riga ya rufe da kaki, a bar masa ta 'ya'ya da ɗan abin da zai ci. Zumar da ba ta nuna ba ruwa ya yi mata yawa, ga shi ma'aunin duniya bai yarda ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta sayi na'urar auna ruwan guda ɗaya, ta kuma hukunta ɗanta da aka kama yana haɗa zuma da sukari, tun da mutum ɗaya kan ɓata sunan gari.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin sassan aikin gona, abin da ake bukata daga gare su bai kai kuɗin gina kwalbati ɗaya ba: a sauƙaƙa wa ƙungiyoyin nan rajista, a ware musu ɗan fili a gefen gandun daji nesa da gidaje da burtali, a kuma haɗa su da malaman gona na hukumar KNARDA da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma tun daga 2018, kuma ranar tana zuwa ne daf da shuka, lokacin da ya fi dacewa a zauna da manoma a yi maganar feshi kafin a sayi magani.