Makullin Sito Yana Aljihunka, Na Akwatin Bayanai Fa?

Yau muna so mu ja hankalin 'yan uwanmu 'yan kasuwa, tun daga Kpébié da Zongo da kasuwar Arzeke a nan Paraku, har zuwa Jugu da Malanbil da Cikanda, kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami ne, alhali yana iya cinye gumin shekara goma a dare ɗaya.

Ba a yi ɗan kasuwar da zai kira kafinta ya gyara masa ƙofar sito, sannan ya bar shi ya wuce gida da makulli ba. Amma abin da da yawa daga cikinmu suke yi ke nan da akwatin ajiyar bayanai, wato 'yar na'urar nan mai faifai biyu ko huɗu da ake haɗawa da kwamfutocin shago, irin wadda kamfanonin Synology da QNAP da Western Digital suke ƙerawa. A cikinta ne yanzu littafin bashi yake, da rasit, da takardun duwan, da lissafin kayan da aka ɗoro daga Kwatano, wani lokaci har da hotunan kyamarar tsaro. Sai a kira yaro mai ilimin kwamfuta ya haɗa ta, a sallame shi, ya ba Alhaji lambar sirrin buɗe fayil, shi kuwa ya tafi da babbar.

Domin kuwa makullan akwatin nan ba ɗaya ba ne. Akwai na ma'aikaci, wanda ke ba mutum damar karantawa da rubutawa a inda aka ware masa kawai. Akwai na shugaba, wanda ake kira admin, mai ikon ƙara mutum ko cire shi. Sama da su akwai wanda masana ke kira root, shi kuwa babu ƙofar da ba ya buɗewa. Da shi ake shiga fayilolin saiti, waɗanda su ne ke faɗa wa akwatin wa zai shiga, daga ina, da abin da zai gani. Masu gyara kan isa can ta wata ƙofar baya mai suna SSH, inda ake rubuta umarni da hannu. Tun daga 2016, lokacin da Synology ya fito da manhajarsa ta DSM 6.0, ba a shiga a matsayin root kai tsaye da lambar sirri. Sai mutum ya fara shiga da sunan shugaba, sannan ya rubuta sudo -i, ya sake buga lambar. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya riƙe lambar shugaba ya riƙe gidan baki ɗaya. Yana iya goge bashin da kake bin wani, ko ya kwafe sunayen abokan cinikinka, ko ya rufe ka a waje, kuma duk yana zaune a ɗakinsa in har akwatin na haɗe da intanet.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce irin ta 'yan jarida. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban kyamarori da na'urorin naɗar hoto a faɗin duniya, ta hanyar gwada sunaye da lambobin sirri kusan 60 waɗanda kamfanoni ke sakowa da su daga masana'anta, irin admin da admin, saboda masu kayan ba su taɓa canza su ba. A watan Yunin 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital suka wayi gari an share musu komai daga nesa; kamfanin ya daina sabunta manhajar akwatin tun 2015, shawarar da ya bayar a lokacin ita ce kowa ya cire nasa daga intanet. A watan Janairun 2022 kuma ɓarayin DeadBolt suka kulle fayilolin masu akwatin QNAP, suna neman 0.03 na bitkoyin kafin su buɗe, abin da ya haura dalar Amurka 1,000 a lokacin, wato fiye da jaka 500 na sefa. Waɗannan ɓarayi ba su san Paraku daga Faris ba. Suna laluben intanet ne, duk ƙofar da suka tarar a buɗe su faɗa.

Mun san abin da wasu za su ce: yaron ɗan gida ne, amana ce tsakaninmu, mu kuma ba mu yi boko ba. Gaskiya ne da amana kasuwancin Bahaushe ya ratsa daga Kano zuwa Gwanja ta Jugu tun zamanin fataken goro. To amma ko a lokacin, madugu bai taɓa barin ayari ya tashi ba tare da ya san yawan kayan da ke kan jakuna ba. Yaro mai amana ma yana iya tafiya karatu Kwatano, ko ya samu aiki a Legas, ko wayarsa ta ɓace, ko ta Allah ta kasance. Ranar da jami'in haraji ya zo yana neman takardu, ba zai ji cewa mai lambar ya yi tafiya ba, tunda dokar OHADA da ƙasarmu ke bi ta wajabta ajiye takardun lissafi na tsawon shekara 10.

Haka nan ba mu ce Alhaji ya karɓi lamba ya shiga fayilolin saiti da kansa ba. Nan ne wurin da harafi ɗaya in ya karkace akwatin zai ƙi buɗewa kowa, har da mai shi. Aikin masu sani ne, a bar musu. Abin da muke cewa shi ne, makulli naka ne, aro kake ba mai gyara. Ranar da za a haɗa akwati, ka zauna a wurin, ka buga lambar shugaba da hannunka, ka rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. A buɗe wa mai gyara nasa sunan daban, wanda za a rufe in ya gama. Kafin ya taɓa kowane fayil na saiti, ya ajiye kwafinsa, ya kuma rubuta maka a littafi abin da ya canza da ranar. In ya buɗe ƙofar SSH, ya rufe ta a gabanka kafin ya tafi. In ba ka da bukatar duba lissafi daga nesa, ka ce kada a buɗe akwatin ga intanet sam.

Bugu da ƙari, akwatin kansa ya zauna a ɗaki mai kwaɗo, domin a na Synology akwai ɗan maɓalli a baya wanda in an danne shi kamar daƙiƙa 4 zai share lambar shugaba, wanda ya danna ya sa tasa. Kuma kada faifai biyu su ruɗe ka. Abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan. Ka riƙa kwafe bayananka a wani faifan daban duk mako, ka kai shi gida. Waɗanda suka tuna gobarar Dantokpa ta 2015 sun san dalili.

Su ma matasanmu masu gyara muna da magana da su. Wasunku suna riƙe lamba ne don an saba cinye musu haƙƙi, kuma wannan laifin iyayen gida ne, su ji tsoron Allah su biya. Amma ku sani dokar fasahar zamani mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilun 2018 ta tanadi hukunci ga wanda ya shiga na'urar wani ba da izini ba. Ku nemi kuɗinku ta hannun shugabannin kasuwa, ku miƙa makulli ga mai shi, sunanku ya fi lambar tsada.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Paraku da Jugu da su samar da takardar yarjejeniya guda, da Hausa da Faransanci, wadda mai shago da mai gyara za su riƙa sa wa hannu. Kai kuma ɗan uwa, kafin ka rufe shago yau, ka kira yaronka ka tambaye shi babbar lamba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.