Ba Kowane Laifi Ba Ne Na Sabis

A Sakkwato akwai kalma ɗaya da ke ɗaukar laifin kowace na'ura: sabis. Mai POS a bakin Kasuwar Kara ya zura kati, na'ura ta yi ta juyi, kuɗi suka fita daga asusun mai sayen rago amma takarda ba ta fito ba, sai a ce sabis ne. Sau da yawa gaskiya aka faɗa. Sai dai akwai wani kaso na irin wannan wahala da kan samo asali daga teburin mai rubuta manhaja, a 'yan layukan da ya rubuta domin karɓar bayanai daga intanet.

Ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata kwamfuta ita ake kira soket. A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley aka fito da wannan tsari a 1983, kuma har yau shi ne a ƙarƙashin Linux da Android, Windows ma ta kwaikwaye shi. Umarnin karɓa sunansa recv. Mai manhaja yakan miƙa masa mazubi, ya ce a zuba masa bayit 1,024, misali. Bayit ɗaya kuwa shi ne gurbin harafi ɗaya na boko. A nan sabon shiga ke yin tuntuɓe, domin yana ɗaukar cewa duk abin da aka aiko a tashi ɗaya, a tashi ɗaya zai iso.

Ƙa'idar TCP, wadda aka wallafa a 1981, ba ta taɓa yin wannan alkawari ba. Abin da ta ɗauka shi ne bayanai za su iso a jere yadda aka aiko su, babu giɓi a tsakani. Iyakar saƙo ba ruwanta. Idan aka zuba bokiti uku na ruwa a bakin bututu, wanda ke tarar ruwan a ɗaya bakin ba shi da hanyar sanin inda bokitin farko ya ƙare. Haka recv yake: abin da ya iso a lokacin shi yake bayarwa, ko rabin saƙo ne, ko saƙo ɗaya da kan na biyu, sannan ya faɗi adadin. Idan ya ce sifiri, ɗaya ɓangaren ya rufe ƙofa. Idan ya ce -1, an sami matsala, wadda wani lokaci ba ta wuce "sake gwadawa" ba.

Me ya sa ɗalibi ba ya gano wannan da wuri? Saboda a kwamfutarsa ɗaya yake kunna mai aikawa da mai karɓa. Saƙon bai bi waya ba, bai bi iska ba, ɗan ƙarami ne kuma, don haka kusan kullum yakan iso cikakke. Manhajar ta ci jarrabawa, an tafa. Amma saƙon da ya taso daga babbar kwamfutar banki a Legas zuwa wata waya a Mabera sai ya ratsa kimanin kilomita 1,000, an yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane bai cika wuce bayit 1,460 ba. Wani ƙunshin ya makara, wani ya ɓace a tsakanin turken sadarwa da waya sai an sake aiko shi. Ranar da recv ya miƙo rabi, manhajar da ta ɗauka cikakke ne sai ta ruɗe.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa ƙarin rabo. A tsarin UTF-8, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu-biyu suke ci. Idan yankan ya faɗa a tsakiyar harafin farko na Ɗanfodiyo, kuma manhaja tana fassara kowane gutsure da zarar ya iso, to ko ta tsaya cak, ko ta fito da wata baƙuwar alama a madadin harafin. Wanda ya yi gwaji da Turanci zalla zai iya shekara bai ci karo da wannan ba.

Maganin tsoho ne kuma ba shi da tsada. Sai mai aikawa ya fara faɗin tsawon saƙo, mai karɓa kuma ya yi ta kiran recv yana tarawa har adadin ya cika, kafin ya taɓa abin da ke ciki. Saƙonnin katin banki, masu bin ƙa'idar ISO 8583, galibi da bayit biyu na tsawo suke farawa saboda wannan dalili. Ya kamata kuma a yi wa tsawon iyaka, kada wani ɓata-gari ya ce saƙonsa ya kai girman duniya, manhaja ta buɗe masa mazubi har ta shaƙe.

Akwai kuma halin da recv ba ya ba da amsa ko kaɗan, wanda shi ne mafi haɗari. Idan hanya ta yanke ba tare da sallama ba, babu sifiri, babu -1. Recv zai zauna yana jira. Ko an kunna tsarin da ke leƙawa ya ga ko ɗaya ɓangaren na raye, a Linux sai bayan awa 2 yake fara leƙen, in ba a canza masa ba. Jihar Sakkwato ta san irin wannan yankewa. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, sannan a ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya ta ji a jika. Waɗannan su ne manya. Ƙananan kuwa kullum ne: wutar turke ta ɗauke, mota ta fice daga inda sabis ke kaiwa.

Dole ne mai karɓa ya yanka wa jira wa'adi. Amma cikar wa'adi ba ta nufin ciniki bai faɗa ba. Abin da take nufi kawai shi ne amsa ba ta dawo ba. Wataƙila banki ya riga ya cire kuɗin. Manhajar da ta rubuta "bai yi ba" a irin wannan hali ta faɗi abin da ba ta sani ba, kuma ita ce ke sa mutum ya sake zura kati a cire masa sau biyu. Kamata ya yi kowane ciniki ya sami lambarsa, a koma a tambayi makomarsa ko a aika saƙon warwarewa. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna awa 72 su warware cinikin POS da ya maƙale. Ga wanda motar dabbobinsa za ta kama hanyar Kudu da la'asar, kwana uku ba ƙaramin jira ba ne.

Wani zai ce ai yanzu ba wanda ke rubuta recv da hannunsa, akwai shiryayyun kayan aiki da ke ɗauke wannan nauyi. Rabin gaskiya ke nan. Suna haɗa gutsattsarin, amma ba duka ne ke yanka wa'adi ba: requests, wanda ɗaliban Python ke yawan amfani da shi, ba ya sa wa'adi sai an umarce shi. Wanda kuma zai yi aiki a kan na'urar POS ko mitar wuta, sau da yawa shi da soket ne gaba da gaba.

Saboda haka akwai abin da malaman kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za su iya yi ba tare da sayen komai ba. Ranar kare aikin kammala karatu, a aika wa manhajar ɗalibi saƙo bayit ɗaya-ɗaya. A manna mata saƙo biyu a haɗe, a sa mata suna mai ƙ, a zare waya ana tsakiyar aiki, a ga abin da za ta rubuta a allo. Linux na da netem, wanda ke ƙirƙirar jinkiri da ɓatan ƙunshi da gangan. Wanda bai so wannan ba, ya jona kwamfutarsa da intanet ɗin wayarsa, ya shiga motar Illela, ya bar manhajar tana aiki har su isa.