Kafin biyodizal ya iso Dogon Kiriya, a duba tiyo

Duk lokacin da gazwal ya yi wuya a Arewa, sai maganar man bini da zugu ta taso. Masu maganar suna da hujja, domin a Mali an kafa masana'antar da ke mayar da wannan mai biyodizal a Kulikoro, garin Garalo kuma ya samu lantarki da injinan da aka tanada don shan man wannan itace. Ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Matatar SORAZ ta Zinder tana aiki tun 2011, amma nisan da ke tsakaninta da Dogon Kiriya direba ne ke biyansa daga aljihunsa. Abin da ke damuna shi ne babu mai zancen tiyon da man zai bi.

Motocin da ke kwasar mana gero da wake da bisashe ranar kasuwa tsofaffi ne, su Land Cruiser da Hilux da Peugeot 504, da yawansu ƙirar shekarun 1980. Tiyon mansu na robar nitiril ne, shi kuwa biyodizal tsantsa, wanda ake kira B100, cin irin wannan roba yake yi sannu a hankali. Tiyon zai kumbura, ya yi laushi, ya riƙa gumi, in ka matsa shi baƙi ya manne maka a yatsa. Sau da yawa 'yan ƙananan tiyoyin nan masu saƙar zare da ke tsakanin injekta, masu mayar da ragowar mai cikin tanki, su ke fara nuna alama. Daga nan iska ta shiga layi, mota ta ƙi tashi da safe, ko mai ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi a tsakiyar daji. Direba zai ce man ne ba shi da kyau, labari ya bi tasha-tasha har Dogon Dutsi da Tibiri, a yi watsi da abu mai amfani saboda roba kamu biyu.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Robar Viton tana jure biyodizal, haka ma Teflon. Tiyon kirki yana da rubutu a jikinsa: in ka ga SAE J30 R9, cikinsa shimfiɗe yake da roba mai jurewa, in kuwa R7 ne, nitiril ne, ka bar shi. Robobin cikin famfon injekta ma sai an canza su, aikin da ke son gwani. Bututun jan ƙarfe, na tagulla da mai rufin zinki suna saurin lalata man har ya yi dauɗa. Bakin ƙarfe marar tsatsa da alminiyom ba su da wannan matsala. Shi kuwa tiyon ruwa mai garai-garai da wasu ke ɗaurawa da waya don a samu a isa gida, ko da gazwal na yau da kullum bai dace ba.

Sai a riƙe filta a ajiye. Biyodizal yana wanke dattin da ya shekara a gindin tanki, ya turo shi gaba, filta ta toshe a makonnin farko. In an gauraya kaɗan ne, kamar kashi 7 cikin 100 da ake sayarwa a gidajen man Turai, ko ma kashi 20, matsalar roba ba ta cika tasowa ba, kuma da irin wannan ya kamata tsohuwar mota ta fara.

Don haka duk ƙungiya ko hukumar da za ta kawo mana injin matse man bini da zugu don a yi biyodizal, ta zo da nadin tiyon R9 da robobin famfo a cikin kayanta, ta zaunar da makanikan Dogon Kiriya ta nuna musu bambancin da hannu. Masu sayar da kayan gyara da ke sarowa daga Sakkwato da Ƙonni su ma su riƙa karanta abin da ke rubuce a jikin tiyo kafin su biya kuɗi.