Kafin Ka Sayi Injin Sassaƙa, Fara Sanin Itacenka

A 'yan shekarun nan injin sassaƙa mai juya gungumen itace ya fara jan hankalin malaman koyar da sana'a da ɗalibansu. Wanda ke son ya kafa shi a gida, a Sandamu ko a wani gari na ƙasar Daura, yakan fara da tambayar kuɗinsa da ƙarfinsa. A ra'ayina tambayar farko ita ce: wane itace za a ɗora masa, kuma daga ina?

Dalili shi ne itace tarin bututu ne ƙanana da suka yi wa bishiya jigilar ruwa. Bayan an sare shi, ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya ragu zuwa kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma tsukewarsa ta kewaye ta kusa ninka ta daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito ne ke tsaga akushi da hunturu. Maganinsa shi ne a sassaƙe shi tun yana ɗanye, a bar kaurin bangonsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, ya bushe a inuwa wasu watanni, sannan a ƙarasa.

Haka kuma itacen ne ke zaɓar injin. Mai yin ƙota da aduwa ƙaramin inji ya ishe shi. Amma ƙirya, wadda masassaƙanmu ke yi wa turmi da taɓarya da gizago, nauyi gare ta da tauri. Tana bukatar inji mai gangar jiki ta zubin ƙarfe, wanda ba ya rawa, kuma ana iya rage gudunsa. Gungume mai faɗin santimita 30 bai kamata a fara shi da juyi fiye da 500 a minti ɗaya ba.

Game da kayan haɗi kuwa, a lura da tiredin bakin injin. Na Turai da yawa M33 ne, ƙananan na Amurka kuwa inci ɗaya ne mai murɗi 8, kuma mariƙin wannan ba ya shiga wancan. Injin Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. A ware kuɗin wuƙaƙen sassaƙa da dutsen washi da garkuwar fuska da takunkumin ƙura tun farko, domin ƙurar itace tana cutar da huhu. Inda wuta ta yi wuya, a tuna cewa masassaƙan Marakish ta ƙasar Maroko suna juya itace da baka da tsirkiya, su riƙe wuƙa da yatsun ƙafa.

Wani zai ce inji ɗaya a soro ba zai ƙarar da daji ba. Gaskiya ne, amma abin da gizago ke ci a kwana, inji yana cinye shi cikin sa'o'i, alhali ƙirya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa turmi. Tun 2022 aka sa maɗaci da ƙawo na Afirka cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido. Katsina kuma tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce a koya wa ɗalibai da darbejiya da mangwaro, da rassan da aka sassabe ko iska ta kayar. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar renon tohon kututture. Duk makarantar da ta sayi inji, ya kamata a wannan shekarar ta kafa gandun renon itatuwa, ta damƙa shi a hannun ɗaliban da za su yi sassaƙar.