Addini da Sana'a: Ruwan Majema da Haƙƙin Maƙwabci

Jar akuya ta Maraɗi ta yi suna saboda kyawun fatarta. Amma kafin fata ta zama takalmi ko jaka, sai ta bi ta hannun majemi. Majemi yana jiƙa ta cikin ruwan toka don gashi ya fita, sa'annan ya sa ta cikin ruwan bagaruwa. Manyan masana'antu kuwa suna aiki da wani gishiri mai suna kurom. Idan ruwansa ya shiga rijiya ko gulbi, yana cutar mutum da dabba.

To, me shari'a ta ce?

Na farko, Musulunci ya hana cutarwa. Wannan hukunci yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Mutum yana da ikon yin sana'a cikin filinsa, amma ba ya da ikon tura wari ko ƙazamin ruwa wajen maƙwabci. Malaman Malikiyya sun ce alƙali yana iya hana a buɗe sabuwar majema idan warinta zai cuci masu gidaje.

Na biyu, ruwan da ƙazanta ta sāke masa launi, ko ɗanɗano, ko ƙanshi, ba a alwala da shi. Ke nan wanda ya ɓata rijiyar gari ya hana jama'a sha, ya kuma hana su tsarki.

Na uku, ɓarnar dukiya haramun ce. Wata rana Manzon Allah (SAW) ya ga tunkiya ta mutu an yar da ita. Sai ya nuna cewa da an jeme fatarta, da an amfana. A mazhabar Malik, irin wannan fata, bayan jima, ana zuba hatsi ko ruwa cikinta, amma ba a salla bisanta, ba a sayar da ita.

Manoma sun daɗe da sanin wannan hanya. Gyaɗa ba ta da abin yarwa: mai don miya, tunkuza don ƙuli-ƙuli, harawa don bisashe, ɓawo don taki. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna narkar da tsofaffin gwangwanaye su zuba tukwane. Haka ya kamata masana'anta ta yi. Gashi da tarkacen fatar da kurom bai taɓa ba su tafi ramin taki. Ruwan jima ya kwanta cikin rami mai siminti, nesa da rijiya, a tace shi kafin a sake shi.

Leda ita ce babbar matsala, don ba ta ruɓewa. Akuya tana haɗiye ta, ta cushe mata tumbi, ta rame har ta mutu. A shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana yin ledoji marasa kauri, da shigo da su, da sayar da su.

Duk garin da aka ga ruwan rijiya ya sāke, a gaya wa maigari da liman tun da wuri. Su kira mai sana'ar, a zauna, a gyara. Allah shi ba mu ikon kiyayewa.