Zuwa Ga Waɗanda Suka Yi Wa Tankata Dariya

Ya ku 'yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a kudu. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai ya sa wata.

Daren Juma'ar da ta wuce na saka hoton wata 'yar tankar yaƙi ta roba da na yi wa fenti a guruf ɗinmu na WhatsApp. Tsawonta bai kai tafin hannuna ba, amma mako uku na yi ina fama da ita. Kafin in dawo daga sallar isha'i saƙo ya haura hamsin. Wani ya ce, "Malam, tun daga gida aka turo ka Ibadan ka zo wasan 'yar tsana?" Wani ya mayar da hoton sitika. Wani babban yayanmu ɗan ajin ƙarshe ya yi tambayar da na san za a yi: "To nawa ake samu a ciki?"

Wallahi dariyar ba ta dame ni ba, har da ni aka yi. Abin da ya hana ni barci shi ne saƙon da wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ya turo min a keɓe wajen ƙarfe ɗayan dare. Ya ce, "Yaya, ni ma ina zane, na cika littafi guda. Amma tun da na zo ban fitar da shi daga akwati ba, kar a ce ban girma ba." Saboda wannan yaron nake rubutu, da ire-irensa da ba su turo saƙo ba.

Bari in fara faɗa muku abin da kuka yi wa dariya, tunda yawancinku ba ku tambaya ba. Akwai wasannin yaƙi da ake yi a kan tebur. Kowane ɗan wasa yana da rundunarsa ta 'yan ƙananan sojoji, motoci da tankoki, ana auna tafiyarsu da tef ɗin awo inci-inci, ana jefa dayis irin na lido don a ga ko harbi ya samu. Soja ɗaya tsayinsa wajen milimita 28 ne. Kayan suna zuwa a wargaje, ruwan toka, ba launi. Kai za ka yanke, ka haɗa, ka yi fenti. Wanda ya fi suna shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fito a 1987. Ni wanda na shiga shi ne Bolt Action, na Yaƙin Duniya na Biyu. Wani abokin karatuna Bayarabe ne ya nuna min, yayansa ya kawo masa kwali biyu daga Ingila suna ta shan ƙura a ƙarƙashin gado.

Motar farko da ya ba ni, kashe ta na yi. Na je wurin mai kayan gini na sayo fentin mai irin na ƙofa, na sirka da tina, na lafta. Da gari ya waye robar ta yi laushi, ƙofofin motar sun narke sun haɗe da jikinta. Ashe tina cin irin wannan robar take yi. Ta biyu na samo fentin ruwa, wato akirilik, amma na shafa shi kai tsaye da kaurinsa. Duk ƙusoshi da layukan da aka sassaƙa a jikinta suka nutse, ta fito kamar an tsoma ta a kunun gyaɗa. Bayan kwana biyu fentin ya fara ɓarewa a hannuna, don ban yi shafen farko ba. Ta uku na sayi fentin fesawa, na fita bayan hostal ana tsakiyar damina, iska cike da laima, na fesa. Ta bushe da kaushi kamar samfefa. Abokin nawa ya kalle ta ya kalle ni, ya ce in ba ni da niyya in faɗa masa tun kayan ba su ƙare ba.

Tankar da kuka gani ita ce ta huɗu. Ga abin da gawa ukun nan suka koya min, ga duk mai son gwadawa.

Ka fara kankare layin da injin zubi ya bari a jikin robar da bayan reza, in ba haka ba fenti zai fito da shi fili. Sai shafen farko, wanda ake kira firaima, siriri, don fenti ya samu abin kamawa. In da laima a gari ka bar na fesawa, ka shafa da buroshi. Sannan ka sirka fentinka da ruwa har ya yi kamar madara. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, ranka zai ɓaci, za ka ji kamar ka ƙara kauri. Kar ka ƙara. Ka bari ya bushe, ka sake shafa wani siririn. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, wannan ita ce dokar da kowa ke karyawa a ranar farko.

Bayan nan sai ruwan inuwa: fenti mai duhu, tsararo sosai, wanda yake gangarawa da kansa ya kwanta a lunguna da ramuka. Nan take abin zai yi zurfi. Sai busasshen buroshi: ka ɗebi launi mai haske, ka goge kusan dukkansa a tishu, ka riƙa shafar gefuna sama-sama. Ranar da na fara yin wannan na ga ƙusoshin tankar suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai da na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki. A ƙarshe ka rufe da banish marar ƙyalli don hannu kar ya cinye aikin.

Kayan aiki kuma ba sai ka sayar da wayarka ba. Kar ka nemi buroshi mafi ƙanƙanta, fenti yana bushewa a bakinsa kafin ka kai hannu. Lamba 1 ko 2 mai tsinin baki ya isa, kuma kar ka bari fenti ya hau har wuyan ƙarfensa. Robar abincin da ka gama ci, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a ciki, ka ɗora takardar gashin kek a kai, ka zuba fentinka a nan, zai daɗe bai bushe ba. Da na je gida hutu lokacin hunturu, ba don wannan dabarar ba ko layi ɗaya ba zan ja ba. Ka manna abin a murfin kwalba ka riƙe murfin. Ka haɗa tsintsiyar hannayenka biyu, ka kafa gwiwar hannu a tebur, rawar hannu za ta ragu. Ƙasan da tankar ke tsaye a kai yashin bakin hanya ne da farin gam na kafintoci. Fentin Vallejo ko Citadel yana da kyau in ka samu, amma da akirilik na shagon kayan zane na fara, launi biyar kacal.

To yanzu mu dawo kan maganganunku.

Kun ce wasan yara ne. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan sojojin ƙasarsa wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓe shi suna horar da hafsoshi da shi. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin yaƙi da 'yan sojojin wasa mai suna Little Wars. Amma a ce ma na yara ne. Wa a cikinmu bai yi motar kara ko ta gwangwani ba? Wa bai yanka tsohon silifa ya yi mata taya ba? A lokacin duk unguwa an san yaron da motarsa ta fi ta kowa. Ina yaran nan suke yau? Wani ya gaya musu sun girma, suka ajiye, kuma ba a ba su komai a madadinsa ba sai waya.

Kun ce ɓata lokaci ne. Haba jama'a! Mu da muke kwashe awa uku a gidan kallon ƙwallo, mu dawo mu ƙara biyu muna musun wanda ya fi wani tsakanin 'yan wasan da ba su san da zamanmu a duniya ba? Mu da wasunmu kuɗin abincinsu ke tafiya a cacar ƙwallo, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa mayar da su sitika? Ni ma ina kallon ƙwallo, ban ce a daina ba. Amma bayan awa biyar ɗin nan me ke hannunka? Ni bayan awa biyar ina da abin da zan ɗora a tebur in ce ni na yi. Kuma awa ɗayan da nake yi da buroshi ita kaɗai ce a yinina da ba na taɓa waya.

Yaya mai tambayar nawa ake samu, da girmamawa: kamfanin Games Workshop ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan a Disamba 2024, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, yi wa wasu fentin runduna a biya su. Amma ni ko sisi ban samu ba, kuma ba shi na je nema ba. Wannan tambayar ita ce take kashe mana abubuwa tun suna jarirai. Ba wanda ake biya a ranar da ya fara koyo. In sai abin da zai kawo kuɗi a makon farko za mu taɓa, to ba za mu taɓa ƙwarewa a komai ba sai saye da sayarwa.

Kun ce al'adar Turawa ce. E, tasu ce, a can aka ƙirƙiro ta, ban yi musu ba. Amma zama a kan ƙaramin abu da haƙuri har ya yi kyau, wannan ba Bature ya koya mana ba. Hular da ke kanka ranar Juma'a, wani ne ya zauna makonni da allura yana bin zane ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Muna alfahari da hular, muna raina zaman da ya haife ta.

Kuma ga inda abin ya kai ni. Ina neman launin da ya dace da motocin sojan Birtaniya a dajin Bama, sai na faɗa tarihin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa ke da yawa a cikinsu. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, a dajin da mota ba ta iya shiga, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi kuma jirgi ke jefowa daga sama. A Janairun 1945 aka ƙwace Myohaung. Shekara biyu ina wuce barikin Letmauk a Mokola in zan shiga Sabo cin abinci, ban taɓa sanin sunan wani wuri ne a Bama ba. Haka Myohaung da ke Yaba a Legas. Chindit da ke Zariya kuwa sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a Bama. 'Yar tankar roba ce ta sa na kira mahaifina na tambaye shi labarin tsohon sojan nan na unguwarmu da ake ce wa ɗan Bama. Mun fi awa ɗaya muna waya, abin da ba mu taɓa yi ba.

Mutum biyu sun same ni a keɓe kan hukuncin siffar abu mai rai. Waɗannan ba da su nake ba, na gode musu, don sun yi min magana irin ta 'yan uwa. Tambaya ce ta gaske, kuma wurinta gaban malamai, ba guruf ba. Ni dai tankoki, motoci, gidaje da bishiyoyi nake yi, kuma su kaɗai sun fi ƙarfin lokacina. Wanda ya yi dariya tukuna, da aka ƙure shi ya ɓuya a bayan addini, shi ma ya san kansa.

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce, tsoron a gan mu muna koyo muke yi. A nan kudu mu 'yan kaɗan ne, kullum a takure, kar a raina mu, kar a ce ɗan Arewa bai waye ba. Sai muka koma gadin juna. Duk wanda ya ɗaga kai ya gwada sabon abu, mu za mu fara jifansa kafin bare ya gani. Shi ya sa ɗan uwanmu zai zauna a lakca bai gane ba, ba zai ɗaga hannu ba. Shi ya sa wani zai shekara huɗu a Ibadan bai iya gaisuwar Yarbanci ba, kar ya yi kuskure a yi dariya. Abokan karatunmu suna shiga ƙungiyar muhawara, suna koyon ɗaukar hoto da rubuta manhaja, suna yin abin kunya a bainar jama'a wata shida, a wata na bakwai sun iya. Mu muna gefe da hannu a aljihu, mutuncinmu cikakke, ba mu iya komai ba. Ai da koyo akan iya, kuma ba wanda ya taɓa koyo bai ɓata ba.

Motocin nan uku da na kashe suna nan a kan tagata, ban zubar ba. Duk wanda ya shigo ɗakina su nake fara nuna masa.

Ƙanina mai littafin zane, ka fito da shi. Ranar Asabar bayan la'asar ina ɗaki, ka zo da shi in gani. Sauran kuma, ina da buroshi uku da wata motar ɗaukar sojoji da ba a taɓa ba. Mai sitika, har da kai. Zan ba ka buroshi ka ja min layi ɗaya madaidaici a gefen ƙofarta. In ka ja, ni da kaina zan saka hoton a guruf in ba ka haƙuri.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da mu gida lafiya.