Kafin ka ce za ka sake Jamb baɗi

Makon jiya na je gida Wurno na tarar da gardama a tsakar gidanmu. Ƙanena ya nemi injiniyan lantarki a ABU Zariya, makinsa bai kai ba, ya canza kwas zuwa injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, kuma gurbi ya fito. Amma gogan ya kafe wai zai zauna gida ya sake Jamb baɗi. Baba ma yana bayansa. Cewa ya yi: "Wanga yaro, ruwa za ka tahi koyo har Zariya? Ga gulbi nan bayan gari."

Kowa ya yi dariya, ni kam ban yi ba.

Mu matasan Wurno, Rabah da Goronyo mun taso da wani tunani: injiniya na gaske shi ne na lantarki, ko na kwamfuta, ko na man fetur. Na ruwa da na noma kuwa ragowar kasuwa ne, sai wanda ya rasa. Alhali duk rayuwarmu a kan ruwa take. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima tana iya riƙe sama da kubik mita miliyan 900, ita ke shayar da gonakin rani, ita ke taimaka wa birnin Sakkwato da ruwan sha. A 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a yankinmu, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har hankali ya tashi. Wa ke lissafin yaushe za a buɗe ƙofa, yaushe za a rufe? Wa ke tsara magudanan da ke kai ruwa gonar shinkafa da albasa da tafarnuwa? Injiniyan ruwa ne, wanda muke yi wa dariya. In ba mu karanta ba, wani zai zo daga nesa ya yi, mu kuma mu tsaya bakin hanya muna ƙorafi.

Sai batun zaman shekarar. Mun ga ’ya’yan Turawa a intanet suna hutun shekara kafin jami'a, suna yawon duniya, sai muka ɗauka abu ɗaya ne. Malam, shekara a gida a nan ba haka take ba. Sakamakon Jamb na shekara ɗaya ne, in ka bar gurbin ya tafi ke nan. Sai sabon kuɗin fom, da kuɗin mota zuwa Sakkwato, a hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu. Kuma ba wanda ya yi maka alkawarin makin baɗi zai fi na bana. Cikin abokaina da suka ce "bari in sake", wasu sun dace, ban musa ba. Amma na san wanda ya fara da taya yayansa tsaron shago na wata biyu, yau shekara uku littafi bai sake ganinsa ba. Ga karatun injiniya shekara biyar ne, ban da abin da yajin aiki zai iya ci. Na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye.

Ba na cewa kowa ya rungumi abin da aka miƙo masa. Shekara biyar kana karanta abin da ka tsana azaba ce, ni da nake aikin jarida na ga masu irin wannan a ajinmu. In da gaske lantarkin ne a ranka, to ka zo da tsari: ka shiga IJMB ka nemi aji biyu kai tsaye, ko ka yi difloma a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, ko ka kama koyon haɗa sola wajen mai sana'a kana karatu da dare. Wannan jira ne mai ma'ana. Amma da na tambayi ƙanena me ya sani game da kwas ɗin da yake gudu, bai iya kawo darasi ko ɗaya da ake koyarwa ba. Sunan ne kawai bai yi masa daɗin faɗa a majalisa ba.

Na ce masa kafin ya yanke hukunci mu je Goronyo ranar Asabar, ya ga madatsar da idonsa, ya tambayi masu aiki a wurin me suka karanta. Ya ce zai yi tunani. Har na dawo makaranta bai danna karɓa ba, bai danna ƙi ba, wa'adi kuma yana ta matsowa.